Selenium, Cypress ko Playwright: wanne ya dace da aikin ƙungiyarmu?

A unguwar Morrisania da ke kudancin Bronx, wata ƙungiyar 'yan gida tana da asusun jana'iza, wanda a da ake rubuta gudunmawarsa a littafi. Yanzu an mayar da rajistar shafin intanet, kuma tunda ni ke digiri na biyu a fannin kwamfuta, aka ce in tabbatar fom ɗin na aiki. Wanda sunansa bai shiga ba, ranar rasuwa iyalinsa ne za su sha wahala.

Ba zai yiwu in riƙa cike fom da hannu duk lokacin da aka taɓa shafin ba. Akwai manhajojin da ke buɗe burauza da kansu, su cike, su danna, su kawo rahoto. Uku na auna, duka kyauta ne.

Selenium shi ne dattijo. Jason Huggins ya fara shi a 2004, kuma har yau ana yawan ganin sunansa a tallan neman ma'aikata. Sai dai yana son a lallaɓa shi: kai za ka riƙa gaya masa ya jira shafi ya gama buɗewa, in ba haka ba gwaji ya ci yau, gobe ya faɗi ba dalili. Cypress na da daɗin koyo, kana kallon kowane mataki a allo, amma da JavaScript kaɗai ake rubuta shi.

Na tsaya a kan Playwright, wanda Microsoft ta fitar a 2020. Yana jira da kansa, yana karɓar Python, sannan gwaji ɗaya zai gudana a injinan Chromium da Firefox da WebKit. Wannan na ƙarshen ne ya ja ra'ayina. Mutanenmu da waya suke rajista, wani ma yana cikin tasi yana jiran fasinja, kuma a nan Amurka duk burauzar da ke kan iPhone, har Chrome, a kan WebKit take tafiya. Duk da haka kwaikwayo ne kawai, don haka nakan ari wayar wata Hajiya maƙwabciyarmu in sake dubawa.

Akwai abin da babu manhajar da za ta tuna maka: sunayenmu. Gwajin farko da na rubuta shi ne a shigar da Ɗanladi, Bilƙisu da Sa'adatu. Fom da yawa haruffan Turanci kawai suka sani, da sun ga ƙugiya ko 'yar waƙafin nan ta sama sai su ƙi. Ga shi 'yan Nijeriya na rubuta 'y, 'yan Nijar na rubuta ƴ, kuma duka muna cikin ƙungiya ɗaya. Dole bincike ya gano mutum ko da wanne aka rubuta.

Ɗalibin da aiki yake nema kuwa, shawarata kada ya tsallake Selenium, domin manyan kamfanoni ba sa saurin zubar da tsofaffin gwaje-gwajensu. Ya kuma leƙa Per Scholas, cibiyar da aka kafa a kudancin Bronx a 1995, inda ake koyar da aikin kwamfuta kyauta, ya tambayi kwasa-kwasan da ke buɗe a wannan zangon.