Motar-Gida: Abin da Iyali Ke Dubawa Kafin Su Zaɓa

A Amurka da ƙasashen Turai iyalai da yawa kan yi hutunsu ne a cikin motar-gida, wato motar da aka haɗa mata gadaje da madafa da makewayi, ta yadda matafiya za su kwana a sansanonin shaƙatawa ba tare da sun kama ɗaki a otal ba. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa, wanda ya fara ƙera su a 1966, yana cikin waɗanda suka sauko da farashinsu har masu matsakaicin hali suka iya saye, kuma a yau kaso mai yawa na waɗannan motoci a yankin Elkhart na jihar Indiana ake harhaɗa su.

Amurkawa sun kasa su gida uku. Rukunin A shi ne mafi girma, domin a kan ƙashin babbar bas ko na motar kaya ake gina shi, tsawonsa kuma yakan kai ƙafa 45, sai dai shan mansa ya yi yawa, kuma wuraren kwana da dama a gandun dajin ƙasa sun yi masa kaɗan, har masu shi kan ɗaura ƙaramar mota a baya don shiga gari. Rukunin B shi ne ƙarami, ana gyara shi daga motoci irin su Mercedes Sprinter ko Ford Transit, yana da sauƙin tuƙi da ajiyewa, amma da ƙyar yake wadatar da fiye da mutum biyu. Rukunin C yana tsakiya, kuma ana gane shi da ɗakin kwanan da ya turo a saman mazaunin direba, wanda yara kan kwana a ciki ba tare da an naɗe teburin cin abinci don mayar da shi gado kowane dare ba, shi ya sa masu 'ya'ya suka fi karkata gare shi.

Sai dai faɗin falo da kyan kujeru, waɗanda su ne ke fara ɗaukar idon mai saye, ba su ne ya kamata su yanke hukunci ba. Abu na farko shi ne yawan kujeru masu bel, domin akan samu motar da ke da wurin kwanan mutum shida alhali kujerun da aka tanada don zama lokacin tafiya huɗu ne kawai, kuma kujerar da ke fuskantar gefe ba ta dace da ɗaura mazaunin jariri ba. Iyalin da suka yi sakaci da wannan suna kasada ne da rayukan 'ya'yansu, ko da motar ta yi musu kyau a filin dillali.

Na biyu shi ne nauyin kayan da aka halatta wa motar ta ɗauka bayan nauyin jikinta. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankin lita 100 ya cinye kilo 100 tun kafin a sa mutane da kekuna da tukunyar gas da abinci. Ga kuma tankuna biyu na ruwan da aka yi amfani da shi, ɗaya na wanka da wanke-wanke, ɗaya na makewayi, waɗanda dole a zubar a wuraren da aka keɓe. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima takan wahalar da birki da tayoyi, musamman a gangaren dutse.

A Turai batun nauyi ya shafi doka kai tsaye, domin lasisin tuƙi na yau da kullum, wanda ake kira lasisin rukunin B (daban da rukunin B na motoci da aka ambata), ya tsaya ne a kilo 3,500, kuma wannan ne ya sa masu ƙera motocin can suke matse su a ƙarƙashin wannan iyaka, ko da abin da ya rage na kaya zai yi wa babban iyali kaɗan. A Birtaniya waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairu 1997 suna da damar tuƙa har kilo 7,500, amma matasan iyaye sai sun ci ƙarin jarrabawa ta rukunin C1 kafin su tuƙa motar da ta wuce kilo 3,500.