Idan Jari Ya Karye a Ƙasashen Sefa: Gudu Ba Mafita Ba Ne

Tun da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, sannan aka garƙame ta Nijar da Benin a 2023, na ga 'yan'uwanmu da dama a Kwatano da jarinsu ya karye. Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancinmu hanya ɗaya muka sani: a rufe shago da dare, a kashe waya, a bar uwargida da yara da masu bin bashi.

Alhali akwai doka. Ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Benin, Togo, Kamaru da Chadi, suna bin dokar kasuwanci guda ta ƙungiyar OHADA. Najeriya da Gana ba sa ciki. Sashen da ya shafi karayar arziki an yi shi a 1998, aka sabunta a 2015, kuma ya haɗa har da ɗan kasuwa mai cin gashin kansa.

Dokar ta ba da matakai. Tun kafin abu ya lalace, kana iya neman kotu ta naɗa mai sasanta ka da masu bin ka, cikin sirri. In ta kai ka kasa biyan basukan da lokacinsu ya yi, dole ka sanar da kotu cikin kwana 30. Daga nan alƙali zai duba: in kasuwar za ta iya farfaɗowa, a tsara biya kaɗan-kaɗan, in ba hali, a sayar da kadara a raba. Da zarar an buɗe shari'ar, ba mai ikon zuwa shi kaɗai ya kwashe maka kaya.

Amma fa a kula, Alhaji. Wanda ya ɓoye haja, ko bai riƙe littafin ciniki ba, ana iya hana shi kasuwanci har shekara 5, ko ma ya fuskanci tuhuma. Kuma in da sunanka kake kasuwanci, ba kamfani ka yi wa rajista ba, bashin zai iya bin ka har gida. Shi ya sa nake cewa kayan ɗakin matarka da kuɗin sana'arta a ware su, a ajiye rasit.

In kai ne mai bin bashin, kwana 60 gare ka bayan sanarwa ta biyu a jarida ka shigar da takardunka, kwana 90 in kana wata ƙasa.

Waɗanda na ga sun miƙe, da dillanci suka sake farawa, ko karɓar kaya a sayar a kawo kuɗi, suna zubin adashe, kuɗin cefane daban, na shago daban. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Uban ɗakin da ka zauna da shi ido da ido ka faɗa masa gaskiya, shi ne zai sake ba ka kaya gobe.