Hisham El Guerrouj: Darasi ga matasan Fagge da Sabon Gari

Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. A fagen tsere, ban san wanda wannan karin magana ta fi dacewa da shi ba kamar Hisham El Guerrouj, ɗan ƙasar Maroko da aka haifa a garin Berkane a 1974.

A gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta ta Amurka, ana gab da shiga zagayen ƙarshe na tseren mita 1,500, sai ya yi tuntuɓe ya faɗi, ya ƙare a na 12. A Sidni ta Ostireliya a 2000, kowa ya ɗauka zinare nasa ne, amma Noah Ngeny na Kenya ya wuce shi dab da layi. Da wani ne, da ya rataye takalmi. Shi kuwa sai ya sake ɗamara. A Atens ta Girka a 2004 ya lashe zinare biyu, na mita 1,500 da na 5,000, abin da rabon da a gani tun Paavo Nurmi a 1924. Kafin nan ya zama zakaran duniya sau huɗu a jere, sannan tarihin minti 3 da daƙiƙa 26 da ya kafa a Rum a 1998 ya haura shekara 25 ba a karya ba.

To amma, ya kai mai karatu, haƙurinsa kaɗai bai kai shi nan ba. Maroko ta yi tanadi. Ta kafa cibiyar horo a Rabat, tana kuma kai 'yan tserenta Ifrane, garin kan tsauni inda ƙarancin iskar shaƙa ke ƙara wa jini ƙarfi. Ga kuma magabaci irin Sa'id Awita, wanda ya ci zinare a 1984, da yara ke koyi da shi.

Mu fa? Ina tambayar matasanmu na Fagge, wa ya san Ado Maude? Shi ne ya wakilci Nijeriya a tseren mita 800 a Olamfik ta 1988, kuma tarihin ƙasa da ya kafa a 1992 ya daɗe kafin Edose Ibadin ya karya shi. Yaranmu sun haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila da Sifen, amma nasu na gida ya ɓace musu. Wannan dogon zaman da tarihinsa ya yi abin alfahari ne gare shi, mu kuma abin kunya ne, domin alama ce ta cewa ba mu reni magada ba.

Ga filin wasa na Pillars a Sabon Gari, ga na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ga tsaunukan Filato da Mambila masu sanyi irin na Ifrane. Ina kira ga ma'aikatun ilimi da na wasanni su farfaɗo da tseren makarantu, su ɗauki masu horarwa, attajiran Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari kuma su sa kofuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa masu iko su ji.