BIKIN MAYU NA AMURKA: WASAN YARA KO SAƁON ADDINI?

Yau zan ɗan ajiye hirar soyayya in kai ku Amurka, inda duk ranar 31 ga Oktoba ake wani biki mai suna Halowin. Da almuru ta yi sai yara su yi shigar mayu da fatalwa, doguwar baƙar hula a ka, tsintsiya a hannu, su dinga bin gida-gida ana ba su alawa, kamar dai yadda yaranmu ke tashe da azumi. A ƙofar gidaje kuwa sai ki ga kabewa an fafe ta an yi mata idanu da baki, an kunna kyandir a ciki.

To, abin da Kiristocin can suka daɗe suna gardama a kai shi ne, wai ya halatta mai bi ya bar ɗansa ya yi shigar maye?

Masu cewa bai halatta ba suna da hujjarsu. Littafi Mai Tsarki ya yi hani da duba da sihiri da neman magana da matattu a Maimaitawar Shari'a 18:10-12, haka nan Bulus ya lissafa sihiri cikin munanan ayyuka a Galatiyawa 5:20. Suna kuma cewa bikin ya samo asali ne daga Samhain, wani tsohon bikin mutanen Ailan da Sikotilan na ƙarshen kaka, tun kafin Kiristanci ya je musu. Don haka Shaidun Jehobah ba sa yinsa sam, wasu majami'un kuma sai su shirya wa yara bikin girbi a harabar coci, a ci a sha ba tare da hular mayya ba. Wasu 'yan Furotesta su kuma sun riƙe ranar don tuna Martin Luther, wanda ya fito da ƙorafe-ƙorafensa 95 a wannan rana cikin 1517.

Ɗaya ɓangaren suka ce ai sunan ma na coci ne, ma'anarsa jajiberin Ranar Dukkan Tsarkaka, wadda ake yi 1 ga Nuwamba. A wurinsu yarinya 'yar shekara shida da ta sa baƙar hula ba tsafi take ba, alawa take nema, kuma Allah zuciya yake dubawa.

Ni kam ba malamar Kirista ba ce, hukuncin nasu ne. Amma akwai wani gari da labarinsa ya fi gardamar nauyi a wurina, wato Salem, a jihar Massachusetts. Yau garin yana alfahari da laƙabin Birnin Mayu, har hoton mayya kan tsintsiya ke jikin bajon 'yan sandansa, kuma tun 1982 yake shirya shagalin Oktoba da ke jawo baƙi daga ko'ina. Ko kun san daga ina laƙabin ya fito?

A shekarar 1692 wasu yara mata biyu a gidan limamin coci Samuel Parris, wato 'yarsa Betty mai shekara 9 da Abigail Williams mai shekara 11, suka soma faɗuwa suna ihu. Aka ce kamun maita ne, aka matsa musu su kama suna. Suka kama sunan Tituba, baiwar gidan, da wasu mata biyu marasa gata. Kan ki ce kwabo, zargi ya hau mutum fiye da 200. Aka rataye 19, mata 14 maza 5, aka danne wani tsoho Giles Corey da duwatsu har ya cika. Cikin waɗanda aka rataye har da Rebecca Nurse, tsohuwa 'yar shekara 71 da kowa ya shaide ta da riƙon addini. Babu maye ko ɗaya a cikinsu. Masu ibada ne suka kashe 'yan uwansu masu ibada, suna ganin addini suke karewa.

Shi ya sa nake ganin idan akwai abin da ya fi karo da imani a wannan lamari, to ƙazafi ne, ya fi hular takarda haɗari nesa ba kusa ba. Kuma mu ma kada mu yi dariyar Bature. Sau nawa yaro zai yi zazzaɓi mai zafi yana sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa a unguwa, shi ke nan a ce ta kama masa kurwa, a taru a ƙofarta da sanduna maimakon a nufi asibiti?

Ga abin da zai faranta muku rai, 'yan makaranta. Wata budurwa Elizabeth Johnson da aka yanke wa hukuncin kisa a 1693, ko da yake ba a zartar ba, ta mutu da tabon maita a sunanta. Ɗaliban wata makaranta a garin North Andover ne suka tono tarihinta tare da malamarsu, suka kai maganar majalisar jiha, aka wanke ta a 2022, bayan shekara 329. Bakin yara ne ya kunna wutar Salem, bakin yara kuma ya wanke ta ƙarshe a cikin waɗanda aka yanke wa hukunci.

Don haka ƙawata, duk ranar da aka nuna miki wata aka ce mayya ce, ki riƙe harshenki, ki tambayi wa ya gani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.