Ciniki Daban, Riba Daban: Lafiyar Aljihun Ƙananan Kamfanonin Na'urar Gem

Na'urorin wasan gem na hannu da matasa ke saya a shagunan waya na Dutse a Jihar Jigawa yawanci daga China ake shigo da su, su biyo ta kasuwannin Kano irin su Farm Centre. Mai saye farashi kawai yake gani. Amma kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan kaya, musamman ƙanana, sukan kwana da fargaba a daidai lokacin da kasuwarsu ke buɗewa a ƙasashen waje. Dalili kuwa shi ne, kuɗi na fita tun kafin kaya su isa hannun mai saye, kuma duk tsawon tafiyar nan jari a kwance yake.

Kamfanin Panic da ke birnin Portland a Amurka misali ne mai kyau. Asalinsa manhajar kwamfuta yake rubutawa. A 2019 ya sanar da wata 'yar na'ura mai launin rawaya mai suna Playdate, allonta fari da baƙi, da wani mariƙi a gefe da ake juyawa yayin wasa. Da aka buɗe karɓar oda a Yulin 2021 kan dala 179, guda 20,000 na farko sun ƙare cikin ƙasa da minti 20. Wanda ya ji wannan zai ce kakarsu ta yanke saƙa.

Sai dai masana'antar da ke haɗa na'urar tana Malesiya. Da rukunin farko na guda 5,000 ya iso Amurka a ƙarshen 2021, sai aka tarar batiransu na da matsala, wasu ma sun ƙi kunnuwa. Dole aka mayar da su Malesiya aka sauya batir. Ga kuɗin jigila zuwa da dawowa, ga albashin ma'aikata na tafiya, ga masu oda na jira. Sai a Afrilun 2022 aka fara aika kaya. Daga baya kamfanin ya bayyana cewa wasu na'urori na kimanin dala 400,000 sun yi ɓatan dabo a wajen sito a Las Vegas. Farashi kuma bai tsaya ba: ya koma dala 199 a 2023, sannan 229 a 2025. Abin da ya rufa wa Panic asiri shi ne kuɗin da masu saye suka biya tun kafin a ƙera, da kuma sauran sana'arsa ta manhaja da buga wasanni.

Wata barazanar ita ce kuɗin fito. Kamfanin Anbernic na China, mai ƙera na'urori masu arha, ya dakatar da aika kaya kai tsaye daga China zuwa Amurka a Afrilun 2025, bayan gwamnatin Donald Trump ta tsawwala haraji, ta kuma yanke shawarar soke sassaucin da ake yi wa ƙananan ƙunshin kaya da ba su haura dala 800 ba. Hukuncin gwamnatin wata ƙasa ya toshe babbar hanyar ciniki, ba tare da kamfanin ya yi laifin komai ba.

Barazana ta uku ita ce canjin kuɗi, kuma ɗan Jigawa ya san ta sarai. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a Yunin 2023, dala na kusan naira 460 a hukumance. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Na'urar dala 50 da ta kama kimanin naira 23,000 ta koma 75,000, ba a sa kuɗin kwastan da na mota ba. Kamfanin waje bai ƙara ko sisi ba, amma masu sayen kayansa a nan sun ragu.

Shi ya sa masu nazarin kamfani ba sa ruɗuwa da yawan ciniki. Abin da suke tambaya shi ne: nawa ke saura a kan kowace na'ura bayan jigila da fito? Wata nawa kuɗi ke yi a kwance cikin kaya? In ciniki ya tsaya cak, wata nawa za a iya biyan albashi? Masana'anta ɗaya aka dogara da ita, ko kasuwa ɗaya?

Waɗannan tambayoyi sun shafi ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse mai burin sayar da manhajarsa a ƙetare, sun kuma shafi mai tara riɗi da zoɓo don fitarwa waje. Duk mai son tsallaka iyaka da hajarsa ya fara ware kuɗin da zai riƙe shi in kaya sun maƙale a hanya, domin ba girin-girin ba dai, ta yi mai.