Kwanukan Gado: Kada Fentinsu Ya Ɓare a Hannunki

'Yar'uwa, yaushe rabonki da duba kwanukan da kika gada? Bara, bayan damina, na buɗe nawa a gidanmu da ke Badariya. Kumbo da langar da aka yi wa mahaifiyata jere da su duk sun yi tsatsa a baki, furannin jikinsu sun ɓare. Laifina ne: na cusa su cikin juna, na ɗaure a leda, na ajiye a ƙasa.

Abin da muke kira fenti a jikinsu gilashi ne da aka narka a kan ƙarfe. Da zarar ya tsage, danshi ya samu ƙofa. Mu da ke kwarin Rima kuwa, daga Birnin Kebbi har Argungu, mun san danshin watan Agusta.

Ki wanke su da sabulu da tsumma mai laushi, ban da soson ƙarfe. Ki bari su bushe sarai. Ki sa tsohuwar atamfa tsakanin kwano da kwano, domin gogayya ce ke ɓare fentin. Ki guji leda, tana riƙe gumi. Ki ɗora su saman kabad, nesa da bango. Ƙurar hunturu kuma, ki kaɗe ta kafin ki goge, don tana karce fenti.

A matsayina na nas, ga roƙona: kwanon da ya ɓare, kada a zuba wa yaro abinci a ciki. Wasu tsofaffin fenti na ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. Ki bar shi ado, 'yarki ta gada.