Aure Ya Mutu, Yaro Ya Samu Jami'a: Wa Zai Biya?

'Yan uwa mata, a ƙungiyoyinmu na adashin gata a Fagam da ƙauyukan kewaye, akwai rancen da kan taso duk lokacin da manyan makarantu suka buɗe rajista. Yaro ko yarinya sun ci JAMB, an ba su gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu. Ana cikin murna sai lissafi ya biyo baya. Idan uwa da uba sun rabu, sau da yawa lissafin nan a kan uwa yake sauka. Ita ce za ta sayar da akuya, ta taɓa jarin ƙuli-ƙulinta, ta zo akwati neman rance, uban kuma ya ce tunda yaro yana wajenta, ita ta sani.

Wannan babi zai bayyana abin da ke wuyan uba, abin da ke wuyan uwa, inda tilas ta ƙare, da matakan da ya kamata ki ɗauka tun kafin takardar shiga makaranta ta zo.

Saki ba ya sauke nauyin 'ya'ya

Kotunan Shari'a na Jigawa da mazhabar Malikiyya suke aiki. A wannan mazhaba ciyar da 'ya'ya, tufatar da su, wurin kwanansu da maganinsu duk a wuyan uba suke, ko auren yana nan ko ya mutu. Wannan shi ake kira nafaƙa. Asalin hukuncin yana cikin Suratul Baƙara aya ta 233, kuma Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 ta nuna cewa kowa gwargwadon ƙarfinsa ake ɗora masa. Mai shago a kasuwar Sara da mai gona ɗaya ba za a yanka musu abu ɗaya ba.

Riƙon yara kuwa wani abu ne dabam. Bayan saki uwa ce ta fi cancanta ta riƙe su: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. Idan uwar ta sake aure, riƙo yakan koma hannun mahaifiyarta. Amma ko a hannun wa yaran suke, nafaƙa tana nan a kan uba. To kin ga maganar "ai yana wajenki" ba ta sauke masa komai. Kuma a Malikiyya ba a wajabta wa uwa ciyar da 'ya'ya daga dukiyarta ba, ko da tana da hali. Abin da kika kashe alheri ne, Allah ya ba ki lada, amma ba bashi kike biya ba.

Inda tilas ta ƙare

A nan ne ake samun saɓani, domin ɗalibin jami'a ya wuce yaro. Littafin Risala, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, ya raba hukuncin gida biyu.

'Ya mace: nafaƙarta tana kan ubanta har sai ta yi aure mijinta ya tare da ita. Shekarunta ba su canza wannan. Yarinya 'yar shekara 20 da ke aji biyu a Dutse, muddin ba ta yi aure ba, cinta da suturarta da wurin kwananta da maganinta suna wuyan mahaifinta.

Ɗa namiji: tilas tana faɗuwa idan ya balaga yana da lafiya da hankalin da zai iya neman na kansa. Idan yana da wata lalura da ke hana shi nema, nauyin yana ci gaba. Wasu malamai, musamman na mazhabar Hanafiyya, suna lissafa ɗalibin da karatu ya ɗauke masa lokaci cikin waɗanda ba su iya nema, don haka suna ganin uba ya ci gaba da ɗaukar nauyinsa. Kina iya kawo wannan a wajen sulhu, amma kada ki shiga kotu da tabbacin cewa dole a tilasta wa uba biyan kuɗin jami'ar namijin da ya balaga. Alƙali zai dubi halin uban da halin yaron kafin ya yanke hukunci.

Ga waɗanda suka yi auren rajista, dokar tarayya ta shari'o'in aure ta 1970 ta ba babbar kotu ikon sa iyaye ɗaukar nauyin ɗa har ya kai shekara 21, ba a wuce haka sai da dalili na musamman.

Digiri kuwa shekara huɗu ne ko biyar, idan yajin aiki bai ƙara wani abu ba. A 2022 malaman jami'o'i sun yi wata takwas ba su shiga aji ba. Ma'ana, tilas ɗin doka takan ƙare karatu bai ƙare ba. Shi ya sa yarjejeniya a rubuce ta fi ƙarfin tsammani.

Kuɗin da kika kashe, za su dawo?

Wannan wuri ne da mata da yawa ke yin asara. A Malikiyya, nafaƙar 'ya'ya ta watannin da suka wuce ba ta zama bashi a kan uba haka kawai. Idan kin yi shekara uku kina biya kin yi shiru, sannan kika je kotu neman a dawo miki da su, abu ne mai wuya. Hanya biyu ce ke sa ta zama bashi: ko dai alƙali ya riga ya yanka wa uban adadin da zai riƙa bayarwa ya ƙi, ko kuwa kin kashe kuɗin da niyyar ya biya ki, a lokacin yana da halin biya, kuma kina da abin da zai tabbatar da haka.

Saboda haka, ranar da za ki biya wani abu a madadinsa, ki faɗa a gaban shaidu biyu cewa ranta masa kika yi. Ki tura masa saƙo a waya, ki ajiye saƙon. Rasit na banki, takardar rajista, shaidar kuɗin ɗaki, duk ki haɗa su a leda ɗaya ki adana kamar yadda kike adana littafin ajiyarki.

A zauna tun kafin a sayi fom

Tun ran gini ran zane. Lokacin da ya dace a yi maganar shi ne yaro yana ajin ƙarshe na sakandare, kafin kuɗin WAEC ko NECO da fom ɗin JAMB. Idan ba kwa magana da uban, ki bi ta wajen waliyyinki, ko baffan yaron, ko limami, ko mai unguwa. Baffa da gwaggo suna da tasiri ƙwarai, domin ɗansu ne, kuma sunan gidansu ne zai fito ranar yaye ɗalibai.

A rubuta waɗannan a takarda:

1. Kuɗin rajista na kowace shekara: wa zai biya, kuma yaushe.
2. Kuɗin ɗakin kwana.
3. Abinci da kuɗin kashewa na wata. Manomin da ba ya da tsabar kuɗi yana iya ba da gero, shinkafa, wake ko man gyaɗa. A rubuta kwano nawa.
4. Kuɗin mota, littattafai, kwafin takardu da aikin binciken ajin ƙarshe.
5. Rashin lafiya.
6. Abin da za a yi idan makaranta ta ƙara kuɗi ko damina ba ta yi kyau ba.

Idan noma ne sana'arsa, a ɗaura biyan babban kaso da kaka, lokacin da riɗi da gyaɗa suka shiga kasuwa. Neman kuɗi wajen manomi a watan Agusta rigima ce kawai. Kuɗin rajista su tafi kai tsaye makaranta, na kashewa su shiga asusun ɗalibin. Wannan yana kashe zargin nan na "uwarsa ce ke cinyewa". Kowa ya sa hannu, shaidu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

Abu ɗaya kuma: kada a mai da yaro ɗan aike. "Je ka gaya wa ubanka" yana cin zuciyar ɗalibi, har ya kasa karatu. Ya san lissafin, ya kawo rasit, amma manya su yi maganar manya.

Idan sulhu ya gagara

Matakin farko dangi ne da masu unguwa da dagaci, har zuwa hakimi. Hukumar Hisba ma tana yin sulhun iyali. Idan duk an bi ba a dace ba, Kotun Shari'a tana karɓar ƙarar nafaƙa, kuma mace tana iya shigar da ita da kanta. Ki tafi da takardar saki, takardar shiga makaranta, rasit, shaidu, da bayanin sana'ar uban ko aikinsa. Idan kun yi sulhu, kuna iya kai takardar gaban alƙali ya tabbatar da ita ta zama hukunci. Wadda ba ta gamsu da hukunci ba tana da damar ɗaukaka ƙara. Mai ƙaramin ƙarfi kuma tana iya neman shawarar lauya kyauta a ofishin hukumar tallafin shari'a ta tarayya da ke Dutse. Neman haƙƙin ɗa ba tonon asiri ba ne, kuma ba ya hana zumunci idan an bi shi da ladabi.

Idan uban da gaske ba shi da hali

Akwai wanda ya ƙi, akwai wanda ya kasa. Wanda ya kasa, shari'a ba ta ɗora masa abin da ba shi da shi. A nan sai a duba wasu ƙofofi.

A 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba da rancen karatu ta asusun NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa. Kuɗin makaranta ana tura su kai tsaye ga makarantar, wanda ya nema kuma ana ba shi naira 20,000 a wata na kashewa. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu. Ɗalibi ne ke cikewa da kansa ta intanet, da lambar JAMB, NIN da BVN. Kada ki ba kowa kuɗi da sunan zai samo muku. Amma a sani bashi ne a wuyan yaron, bai kamata uba mai hali ya fake da shi ba. Akwai kuma hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Jigawa. A tanadi takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma daga Gwaram ko Birnin Kudu tun da wuri, kada a buɗe rajista ana neman ta.

Ina matsayin akwatinmu?

Tsarinmu na ajiya, wanda ya samo asali daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara na Maraɗi a 1991, an gina shi ne a kan gajeren rance: ninki uku na ajiyarki, a biya cikin wata uku. A ce kina da ajiyar naira 30,000, kika karɓi 90,000 kika biya rajista. Digiri ba zai kawo riba cikin wata uku ba. Daga jarinki za ki biya, kuma shekara mai zuwa wata rajistar tana jira.

Don haka shawararmu: rance ya tafi sana'a, ribar sana'a ta tallafa wa karatu. Idan kin ɗauki wani kaso na nauyin da son ranki, ki ɗauki wanda ribarki ta mako za ta iya, kamar kuɗin mota ko sabulu da omo, ki ware shi daga kasonki ranar rabo. Rancen rajista ya zama na cike giɓi kawai, lokacin da wa'adi ya matso kuma an san ranar da kuɗin uban za su shigo.

Tambayoyin tattaunawa a zaman mako

Su wa ke da 'ya'ya a ajin ƙarshe na sakandare a cikinmu, kuma an fara magana da iyayensu maza? Wane dattijo ne a unguwarmu ake jin maganarsa idan ya shiga tsakani? Wace ce a ƙungiya za ta iya taimakawa wajen rubuta takardar yarjejeniya? Sakatariya ta rubuta amsoshin, a dawo da su zama na gaba. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa karatunsu ya amfane mu baki ɗaya.